Takun Inna

Tun da Auta ya shimfiɗe tsakar gidansa da dutse, yayansa Dogo makanike bai ƙara jin daɗin abinci ba. Ba dutsen ne ya tsone masa ido ba, Inna ce. Mahaifiyar tasu tana zaune a tsohon gida, tsakanin gidajen 'ya'yanta biyu, kuma shekara da shekaru a ƙarƙashin bishiyar lemon Dogo take wuni, tana yi wa jikoki faɗa. Yanzu kuwa da azahar ta wuce sai ta ɗauki sandarta ta yi dama, maimakon hagu.

"Ni ne fa babba," in ji Dogo, yana huci a kan maiɗakinsa kamar ita ta yi laifin. "Ni na fara ce mata Inna a duniyar nan."

"To ai can babu taɓo," in ji ta. "Nan in aka yi ruwa sai mutum ya tattare zani."

"Wa ya tambaye ki?"

Washegari ya ƙirƙiro aron tsani, ya tafi ganin ƙwam. Abin da ya tarar ya ƙara ƙona masa rai, don ko kyau aikin bai yi ba. Gutsattsarin dutse ne masu ruwan toka, wani mai kusurwa uku, wani mai biyar, an jera su dab da juna tun daga ƙofa har inuwa. Ga Inna can a kan tabarma, tana dariya da matar Auta.

"Yaya, ragowar yankan dutse ne, a arha na samu," in ji Auta.

"Ai na gani," in ji Dogo. Ya fita ko tsanin bai ɗauka ba.

Ranar Asabar ya rufe gareji da wuri ya nufi filin masu dutse. Mai dutsen wani ƙato ne da ƙura ta yi wa fari har gira. Ya zaga da shi tsibi-tsibi: ga jar tsakuwa, ga fara, ga dutsen kogi mai sulɓi, ga manyan fale-falen dutse da aka yanka daidai wa daida, an jingine su a bango.

"Maigida, in arha kake so, ga ragowar yanka can," in ji mai dutse. "Fuskarsu da kaushi, ba sa santsi. Kwanaki wani malami ya kwashi rabi, wai don tsohuwarsa."

Dogo ya san malamin sarai, ciki ɗaya suka fito. Ya nuna fale-falen da ke jingine a bango.

"Na yi maka kama da mai tsintar tarkace? Waɗancan nake so."

Da aka faɗi farashin fale-falen sai da ya yi tari. Aljihunsa ba zai ɗauki abin da zai rufe tsakar gida ba, amma kishi ya riga ya hau masa kai, kuma Dogo in ya kafe sai dai a bar shi.

"Ba ni tara," ya ce. "Tsakaninsu sai na cike da farar tsakuwa."

"Tara za su yi nisa da juna fa. Su wa za su riƙa bi?"

"Mutane mana. Loda kawai."

Kwana biyu ya yi yana aikin da kansa, babu riga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi taku ɗaya, inda ƙafarsa ta sauka ya ajiye dutse, ya sake takawa ya sake ajiyewa, har gindin lemo. Ya zuba tsakuwa ya baje ta da manjagara. Gaskiya dai wuri ya yi kyau. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna sa albarka, shi kuwa kunnensa na jiran mutum ɗaya ya ce ya fi na Auta. Da mai shagon kusa ya faɗa, sai da ya sa shi ya maimaita.

Da yamma ya yi wanka ya je ya ɗauko Inna da kansa. Ya buɗe mata ƙofa yana washe baki.

Inna ta hau dutsen farko. Ta dogara sandarta, sandar ta nutse a tsakuwa. Ta zare ta, ta dubi dutse na biyu, ta miƙa ƙafa. Ƙafar ko rabin hanya ba ta kai ba. Ta mayar da ita.

"Taka mana, Inna. Ko na ɗauke ki?"

"Ni buhu ce?" Ta gyara tsayuwa. "Da ƙafar wa ka auna wannan?"

"Da tawa."

"Haka na gani. Ƙaninka ruwa ya zuba a ƙasa, ya ce na bi ta kai. Sau uku ina zuwa ina dawowa, har na zage shi. Inda sawuna ya fito, nan ya sa dutse." Ta sake duban farar tsakuwar. "Amma ya yi kyau, Dogo. Allah ya yi albarka. Baƙinka za su ji daɗi."

Ta sauka a hankali, ta juya ta yi dama. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta, kunya ta rufe shi. Sai yanzu ya ga yadda takun nata ya ƙanƙance, bai fi tsawon tafin hannunsa ba. Ya yi ta ƙoƙarin tuna lokacin da ya koma haka, ya kasa.