Ɗan Kansa

A Kwalejin Brandvold ba mai son ya hango Verna Halvorsen ta nufo shi da fayil a hammata. Shekara ashirin da uku ke nan tana zaune a ɗan ofishin da ke ƙarƙashin matakalar zauren wasanni, kuma aikinta guda ne: ta duba takardun 'yan wasa, ta sa hannu cewa wane ya cancanci ya tsaya wa kwaleji, wane bai cancanta ba. 'Yan kokawa sun raɗa mata Madam A'a. Ta san da sunan sarai, har takan amsa idan wani sabon shiga ya yi suɓul da baka.

Ranar Talata da hantsi kocin 'yan kokawa, Dwight Pekarek, ya turo ƙofarta ba ko ƙwanƙwasawa. Gajere ne kakkaura, kunnuwansa sun dunƙule saboda shekaru na gugar tabarma.

"Verna, an ce kin riƙe takardar Colter."

"Ba cewa aka yi ba. Ga ta nan ƙarƙashin kofina."

"Ran Asabar fa za mu yi karon farko."

"Kalanda tana bayanka, Dwight. Ni na rataye ta."

Colter Haugen yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu. Bana ya dawo Brandvold daga Kwalejin Tamsin, wadda ta rufe sashen kokawarta ta sallami kowa. Saurayi ne mai shekara ashirin da biyu, ɗan manomin masara, ba ya magana sai an tambaye shi.

Dokar ba ta da wuyar ganewa, mutane ne dai ba sa son ganewa. Ɗan wasa yana da shekara huɗu na gasa, a cikin biyar. Shekarar da ya zauna bai tsaya wa makaranta ba ita ake kira shekarar jar riga. A cikinta yana iya shiga gasar da aka buɗe wa kowa, amma a ɗan kansa: ba da sunan makaranta ba, ba da kayanta ba, ba a motarta ba. In ya kuskure sau ɗaya tak, shekarar ta ƙone. Colter ya yi jar riga a shekararsa ta farko, ya yi wa Tamsin kokawa shekara uku, saura masa ɗaya, wannan da ake ciki. Sai ga Verna ta tono takardar wata gasa ta watan Disamba, shekara huɗu baya, an rubuta sunansa, a gefensa kuma an rubuta Tamsin. In takardar ta faɗi gaskiya, Colter ya gama kokawa a duniya tun bara bai sani ba.

"A ɗan kaina na shiga, Madam," in ji Colter.

"Na ji ka, ɗana. Amma bakinka ba takarda ba ne."

Dwight ya dafa teburinta da hannu biyu. "Wa zai je ya tono wata gasar ƙauye ta shekara huɗu? Wa ma ya san da ita?"

"Ni na sani. Kuma duk kocin da Colter ya kayar masa da yaro zai sani kafin Kirsimeti. Sai a share mana duk nasarar da muka ci bana, ta yara goma da ba su ji ba ba su gani ba. Sa hannun wa za a nuna? Naka?"

"Ke dai kin fi son takarda da mutum. Shi ya sa in kin je makarantun sakandare yin laccarki yara suke barci kamar an ba su magani."

Wannan ta shige ta, don gaskiya ce. Duk bazara takan zaga makarantun sakandare na yankin ta yi wa 'yan wasa bayanin dokokin nan, ba wanda ya sa ta, kuma duk bazara sai ta yi magana da ƙeyoyi da hamma. Bana ma ta riga ta yanke a ranta ba za ta sake zuwa ba. Ta ɗaga kofinta ta kurɓa, ta ce ya ja mata ƙofar in zai fita.

Yinin ranar a kan waya ta ƙare shi. Ofishin Tamsin suka ce ai sun rufe kokawa, a tambayi masu gasar. Masu gasar suka ce su abin da aka aiko musu suka rubuta, a tambayi Tamsin. Tsohon kocin Tamsin ya koma wata jiha yana sayar da motoci, ya ce shi ba ya tuna abin da ya ci jiya ma. A ƙarshe ta samu hukumar wasannin kwalejoji ta ƙasa, inda wata murya mai laushi ta karanta mata cewa alhakin tantancewa yana wuyan makarantar da ta karɓi ɗan wasa.

"Wato ni," in ji Verna.

"Wato makarantar, Madam."

"Makarantar ba ta da alƙalami, yarinya. Ni ce."

Haka abin yake kullum. Ran da aka ci kofi kowa ubansa ne, ran da takarda ta ɓaci sai ta zama marainiya. Verna ta ji haushi, amma ba haushin Colter ba. Da ta sake kiran Tamsin ta matsa wa sakatariyar, sai matar ta tuna da wani tsoho, Merle Stuckey, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa motar 'yan kokawa, yana wanke musu kaya, kuma shi yake aika sunaye in za a shiga gasa. Ba ya ɗaukar waya, in ji ta, don kunnensa ya yi nauyi.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Laraba da safe Verna ta cika gorar kofi ta kama hanya, awa uku tsakanin gonakin masara da aka girbe, ba abin kallo sai rumbunan ƙarfe da hayaƙin gidajen gona. Ta sami Merle a garejinsa yana fama da injin kwashe ƙanƙara, da hular Tamsin a kansa wadda ta koɗe har sunan ya kusa ɓacewa.

"Mista Stuckey, ka tuna wani Colter Haugen?"

"Wa?"

"Haugen. Mai kokawa a ajin masu nauyin fam ɗari da hamsin da bakwai."

Tsohon ya ajiye sifana, ya yi dariya har da tari. "Mai gudun nan? Ko na manta sunan matata ba na manta shi ba. Shigo ciki, sanyi zai kashe ki a nan."

A kicin ya zuba mata kofi mai ɗaci, ya yanka mata kek ɗin tuffa, sannan ya ba ta labari, da ƙarfi, irin na masu nauyin kunne.

"Ranar ƙanƙara ta zuba tun asuba. Ƙarfe bakwai ake rufe awon nauyi, wanda bai hau sikeli ba ya koma gida. Muna tafe, saura mil huɗu mu shiga garin, sai ga akori-kurar ubansa ta mace a gefen titi, uban ya cusa kai cikin inji yana zagin ta. Shi kuma yaron yana tsaye da jaka. Na taka birki, na buɗe ƙofa, na ce shigo, ɗana. Ya ce a'a. Koci ya leƙo ya ce kai, shigo mana, wa zai gan ka a wannan farin? 'Yan uwansa 'yan kokawa suna ta buga gilashi suna kiransa. Sai ya ja hularsa ya ce, ba rigarsu, ba motarsu, ba burodinsu. Ya saɓa jaka ya kama gudu."

Verna ta ajiye cokalinta. "Me ka ce ya ce?"

"Ba rigarsu, ba motarsu, ba burodinsu. Kamar mai karatun coci. Na bi shi a hankali da fitila kusan mil guda, sai koci ya ce mu wuce kada mu ma mu makara. Saura minti shida a rufe ya shigo, gashin girarsa duk ƙanƙara. Bayan awo na miƙa masa burodi da nama irin wanda nake raba wa yarana, ya ƙi. Wani busasshen biskit ya ciro daga aljihu. Rigar kokawar ma ta ubansa ce, baƙa, ba rubutu, ta yi masa yawa. Sau biyu aka kayar da shi kafin tsakar rana, ƙafafunsa sun mutu a hanya."

Verna ta maimaita kalmomin Colter a ranta. Kalmomin nan nata ne. Ita ta ƙirƙire su da daɗewa, a mota, don ta ga ko abu mai ɗan kari zai zauna a kan yara. Ta faɗe su a zaure sama da ɗari, ba ta taɓa jin sun dawo mata daga bakin kowa ba.

Ta ciro takardar gasar ta nuna masa. "To me ya kawo Tamsin gefen sunansa?"

Merle ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Fara'arsa ta tafi.

"Ni ne," ya ce. "Hannu ya saba. Kullum sunaye goma sha ɗaya nake aikawa, duk wanda yake ɗakin atisaye. Ban cire shi ba." Ya cire tabarau ya murza ido. "Yaro ya yi gudun mil huɗu a ƙanƙara, ni kuma na ƙone masa shekara ina zaune a kujera."

"Ba ta ƙone ba tukuna. Akwai abin da ka ajiye na ranar?"

Ashe Merle irin mutanen nan ne da ba sa yar da ko igiyar takalmi. Ya sauka ɗakin ƙasa ya hauro da kwali. Duk tafiya, kowane yaro sai ya sa hannu a takardar fasinja kafin mota ta tashi, haka ma a dawowa. Ga ta ranar nan: sa hannu goma a zuwa, goma a dawowa, babu Haugen. Ga kuma littafin kaya: riguna goma suka fita, goma suka dawo wanki. Tsohon ya zauna ya rubuta wasiƙa da hannunsa, shafi ɗaya da rabi, ya faɗi kuskurensa ba kwana-kwana. A cikin duk waɗanda Verna ta nema tun jiya, shi kaɗai ya ce ni ne, kuma shi ne mafi ƙarancin muƙami a cikinsu.

Alhamis ta aika wa masu gasar komai. Juma'a da rana suka maido da takarda gyararriya: Haugen, ɗan kansa. Ta karanta sau biyu, ta ɗage kofinta daga kan fayil ɗin, ta sa hannu. Sannan ta aika a kira mata Colter.

Ya shigo da rigar atisaye jiƙe da gumi, Dwight a bayansa yana hura hanci.

"Gobe za ka hau tabarma," ta ce.

Colter ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

"Tambaya ɗaya, ɗana. Ba rigarsu, ba motarsu. A ina ka ji?"

"A bakinki, Madam. Kin zo makarantarmu ina aji biyar. Ina can baya, ina hana kaina abinci, ina tofa yawu a kofi don in rage nauyi."

"Na ɗauka duk barci kuke."

"Yunwa ba ta barin mutum barci." Ya ɗan yi murmushi. "Kin ce in mun shiga kwaleji kowa zai ce zai kula mana da shekarunmu, koci, ofis, hukuma. Kika ce ƙarya ne, shekarun namu ne, mu za mu tsare su, don in sun ƙone ba wanda zai rasa komai sai mu."

"Me ya hana ka faɗa mini ran Talata?"

"Kin ce bakina ba takarda ba ne."

Dwight ya fashe da dariya. Verna ta harare shi, amma ba ta iya riƙe fuskarta ba. Alfahari ne ya cika mata ƙirji, irin wanda ba ta taɓa ji ba a shekara ashirin da uku na ƙarƙashin matakala, kuma ba ta ga dalilin ɓoye shi ba.

Ba ta zuwa kallon wasa. Ta daɗe da yanke cewa gara kada ta saba da fuskokin da wata rana za ta ce wa a'a. Amma ran Asabar aka gan ta a layi na uku na 'yan kallo, jaka a cinya, kusa da Merle mai koɗaɗɗiyar hular Tamsin, wanda ta je ta ɗauko shi da kanta, da kuma mahaifin Colter, manomi mai faɗin kafaɗa. Da mai sanarwa ya kira fam ɗari da hamsin da bakwai, Colter ya fito da rigar Brandvold, kore da fari, daidai jikinsa. Kafin ya taka tabarma ya juyo ya dubi layi na uku, ya kama rigar a ƙirji da yatsa biyu ya ɗan ja ta. Verna ta gyaɗa masa kai: yau kam rigarsa ce.

Bayan an tashi, Dwight ya tare ta a bakin matakala yana sosa dunƙulallen kunnensa.

"Verna, sababbin yaran nan nawa. Ko za ki zo ran Litinin ki yi musu laccar nan taki?" Ya ƙara sosa kunnen. "Sai dai ki ɗan taƙaita."

Ta gyara fayil a hammata.

"Ƙarfe uku zan zo," ta ce. "Kuma ko kalma ɗaya ba zan rage ba."