Ƙusa Ta Biyu a Bangon Mama Odessa

A falon Mama Odessa Fairley, sama da talabijin, akwai rigar wasan ƙwallon Amurka mai lamba ashirin da huɗu a cikin gilashi. Ta babban ɗanta ce, Lamont. Duk wanda ya shiga gidan nan, ko mai gyaran famfo ne, sai an tsayar da shi gabanta an ba shi tarihi: yadda aka kira sunan Lamont a lasifika ranar ban kwana da 'yan ajin ƙarshe, yadda ya riƙo hannun Mama suka taka har tsakiyar fili mutum dubu sittin na tafi, koci ya miƙa mata furanni, ya miƙa masa rigar. A nan Mama take dasa aya. Abin da ya faru bayan awa biyu a kan ciyawar nan ba ya cikin labarinta.

Shi kuwa Lamont daga nan nasa yake farawa. Shekara tara ke nan. A duk Mississippi ba a yi mai rugawa da ƙwallo kamarsa ba a lokacin, in ya rungume ta ya sunkuyar da kai sai ƙatti uku sun taru a kansa kafin a kayar da shi. Da ya cika shekara uku a jami'a, doka ta ba shi damar ajiye karatu ya shiga sahun ƙwararru. Kwamitin manyan ƙungiyoyi ya aiko masa da takarda cewa in ya fito, a zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa za a ɗauke shi. Koci ya ce ya ƙara shekara ɗaya ya zama na zagayen farko. Mama ta ce a zuriyarsu ba wanda ya taɓa gama jami'a. Ya zauna. A wasansa na ƙarshe a gida, furannin Mama ko yaushi ba su yi ba, wani yaro ya shigo masa ta ƙasa, gwiwarsa ta hagu ta juya inda Allah bai yi ta ta juya ba. Da ranar zaɓen 'yan wasa ta zo, aka yi zagaye bakwai cur, wayarsa ba ta yi ƙara ba.

Yanzu tsofaffin motoci yake sayarwa a bakin garin Pickard. Mai wurin ya ɗauke shi ne saboda mutane na son sayen mota a hannun wanda suka taɓa yi wa ihu. Su buga taya da ƙafa, su leƙa inji, sannan su ce, "Ya gwiwar?"

To, ga ƙanensa Tavion ya taso, jami'a ɗaya, gurbi ɗaya a fili. Shi ma ya cika shekara uku, shi ma takardarsa ta zo kafin Kirsimeti: zagaye na biyu. Yana da wa'adi zuwa sha biyar ga Janairu ya sa hannu ko ya bari, kuma wanda ya sa hannu ya bar makaranta ke nan, ba dawowa. Da Lamont ya karanta takardar ya rungume yaron, ya bubbuga masa baya. Da ya koma mota sai ya ji wani abu ya taso masa. Ba murna ba ce. Hassada ce tsagwaronta, kuma ya gane ta tun daga sallamarta.

Ranar Asabar ya je aski shagon Kawu Cleon, ƙanen Mama. Tun daga ƙofa ya ji maganar da ake yi, don a garin babu wata.

"Ga gwani nan ya zo," in ji Kawu Cleon yana kaɗa tawul. "Zauna, ɗana. Kai ka faɗa musu. Yaron nan ya tafi ko ya zauna?"

"Kawu, aski na zo."

"Askin ma za a yi, ai gashin bai fi a ƙirga ba. Ni dai na ce ya tafi. Gwiwa ba taya ba ce da za ka je shago a canza maka."

"Ya tafi ina?" Wani dattijon coci mai jiran layi, Dikin Purvis, ya ninke jarida. "Yaro ya bar digiri saboda wasa? In ya ƙara shekara guda, zagayen farko ne."

"Haka aka ce wa wannan," Kawu Cleon ya nuna kan Lamont da almakashi. "Ga zagayen farkon nan a zaune, ranar Litinin zai sayar maka da akwala."

Shago ya kwashe da dariya. Lamont ma ya yi, don wanda bai yi dariya a shagon Kawu Cleon ba shi ne abin dariyar mako mai zuwa.

"Amma fa a faɗi gaskiya," in ji Dikin Purvis, "ƙaramin ya fi babban gudu."

"Nesa ba kusa ba," wani ya amsa daga lungu.

Wannan ce ta shige shi. A sigar wasa aka faɗe ta, amma ya san ba wasa ba ne, don shi ma ya kalli wasannin. Ya tuna shi ya koya wa Tavion riƙon ƙwallo a bayan gidan Mama, shi ya nuna masa yadda ake yaudarar mai tsaro da kafaɗa. Komai nasa ne, yaron ya kwashe, ya haɗa da gwiwoyi biyu masu lafiya.

Lahadi bayan coci aka hallara gidan Mama. An soya tarwaɗa da kuɓewa, ga burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara a babban jug. Lamont na shiga falo ya ga sabon abu a bango. Gefen rigarsa, tazarar taƙi ɗaya, an kafa ƙusa.

"Mama, wannan fa?"

"Ta rigar Tavion ce. Jiya na sa aka buga. Har rigar da zan sa ranar ban kwanansa na gani a kanti, shuɗiya."

"Mama, ai bai yanke shawara ba," in ji Shantel, matar Lamont.

"Zai yanke. Ni na haife shi."

Aka zauna, aka yi addu'a, aka fara ci. Tavion na ta juya kifi a faranti. Yaro ne mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, can ya ajiye cokali.

"Kowa ya faɗi tasa. Koci ya ce in zauna, dillalan 'yan wasa na ta kira wai in fito, Kawu ya ce in gudu tun da ƙafata. Kowa da abin da yake nema a jikina. Yaya ne kaɗai ya taɓa tsayawa inda nake tsaye, kuma ba ya neman komai a wurina. Abin da ya ce shi zan yi."

Ido ya dawo kan Lamont. Ya san amsar, ba yau ya san ta ba. Mai rugawa da ƙwallo jikinsa kamar sabulu ne, kowane wasa ragewa yake. Shekara ɗaya ta ƙari bugu ɗari biyu ne, kuma ɗaya ya isa. Amma sai ya hango watan Afrilu, ranar zaɓen 'yan wasa: waya ta yi ƙara a falon nan, Mama ta fashe da kuka, Tavion ya sa hular ƙungiya, masu ɗaukar hoto sun cika tsakar gida, shi kuma yana gefe yana tafi da gwiwa mai ƙara.

"Ka zauna," ya ce.

Kuma da ya fara sai maganar ta yi ta zuba, sumul, har shi kansa ya yi mamaki. Ya ce bana masu rugawa sun yi yawa a kasuwa, baɗi za su yi ƙaranci. Ya ce digiri ba ya karyewa. Ya ce abin da ya same shi ƙaddara ce, ba a gadonta. Duk gaskiya ne, ko kusa da gaskiya, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram.

Mama ta ɗaga hannu sama. "Na gode maka, Ubangiji! Kun ji babban wa." Ta ƙara masa kifi biyu. Tavion ya gyaɗa kai, ya ce shi ke nan, ya zauna.

A hanyar gida, da suka wuce gidan mai, Shantel ta juyo ta dube shi.

"Kifin ya yi daɗi?"

"Me kike nufi?"

"Ba komai. Na ga ka ci da yawa ne. Shekara tara ina jin ka kana cewa da ka sani da ka tafi. Ko a barci ka faɗa. Yau kuma na ji sabon karatu."

"Yanayinsa daban da nawa."

"Ƙwarai. Shi gwiwarsa ta ƙarfe ce." Ta juya tana kallon taga. "Ni dai ba zan faɗa wa kowa ba, Lamont. Kai ka san abin da ka yi."

Ya yi fushi, irin fushin wanda aka kama da hannu a tukunya. Kwana uku yana gaya wa kansa cewa shawara ce kawai ya bayar, ba wanda ya ɗaure yaron. Wani lokacin har ya yarda.

Ranar sha huɗu ga wata, da hantsi, ana yayyafi, yana goge gilashin wata jar mota sai ga Tavion ya shigo filin motocin, hannu a aljihu.

"Yaya, gobe zan koma makaranta. Na zo roƙon wani abu."

"In mota ce, babu ragi."

Tavion ya yi murmushi. "Lambarka nake so. Na yi magana da koci, ya ce in ka yarda zan ajiye tawa in sa ashirin da huɗu a shekarar ƙarshe. Ranar ban kwana kuma ba Mama kaɗai za ta raka ni ba, har da kai. Ka shiga filin nan da ƙafarka, a mota aka fito da kai. Ina so ka fita da ƙafarka."

Lamont ya tsaya da tsumma a hannu. Ya ga lambar a bayan yaron, a kan ciyawar nan, ya ga wani ya shigo ta ƙasa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Abin da ya fi tsorata shi, da ya leƙa zuciyarsa a daidai wannan hoton, ya tarar wani ɗan lungu a cikinta bai ƙi ba. Nan ya ji tsoron kansa.

"Takardar tana ina?"

"Wace?"

"Ta barin makaranta. Wadda ake sa wa hannu."

"Tana mota. Yarwa zan yi."

"Ɗauko ta. Shiga nan." Ya buɗe jar motar.

"Yaya, lafiya?"

"Ƙarya na yi maka ranar Lahadi." Bai dube shi ba, sitiyari yake kallo. "Ka ce ba na neman komai a wurinka. Ina nema. So nake kada ka samu abin da ban samu ba. Tun ranar da takardar nan ta zo ban yi barcin kirki ba, kuma ba don tausayinka ba. Baƙin ciki nake yi da kai, Tavion. Ka ji shi da sunansa."

Ruwa na ɗiga a rufin mota. Tavion ya juyo ya dube shi.

"To yanzu wanne zan yarda da shi? Na Lahadi ko na yau?"

"Na Lahadi ya ci kifi biyu a kan maganarsa. Na yau Mama ba za ta ƙara yi masa magana ba. Kai ka auna."

Suka tafi ofishin kotu, inda wata mata mai tabarau take buga hatimin shaida, don takardar ba ta karɓuwa sai da shi. Tavion ya riƙe biro, ya tsaya.

"In aka kira sunana a Afrilu, za ka yi murna?"

"A'a," in ji Lamont. "Ranar dai a'a. Zan yi tafi, zan rungume ka, cikina na ƙuna. Wataƙila daga baya. Sa hannu."

Ya sa. Matar ta buga hatimi, ta dubi Lamont ta saman tabarau, ta ce, "Ba kai ne Fairley mai ashirin da huɗu ba? Ya gwiwar?"

Da yamma suka gaya wa Mama. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dubi Tavion, ta dubi Lamont, ta shiga kicin, ta dawo da guduma ta ajiye a kan tebur gaban Lamont.

"Kai ka hana, kai za ka cire ƙusar."

Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Tavion ya bi ta yana kiran Mama, Mama.

Lamont ya rage shi kaɗai a falo. Ya sa bakin guduma ya zare ƙusar, ta fito da ɗan farin gari, ta bar rami ƙarami. Ya ja da baya ya dubi bangon. Rigarsa na nan ita kaɗai a cikin gilashinta, kuma haka za ta zauna. Tavion zai samu hula da masu hoto da sunansa a bakin duniya, amma ba zai taɓa riƙo hannun Mama su taka tsakiyar filin nan ba. Wannan ɗaya tak ta Lamont ce.

Sai ya ji wani ɗan daɗi ya tsarga masa, siriri, mai ɗumi. Ya gane shi sarai, shi ne dai baƙon nan na ranar da takardar Tavion ta zo, bai je ko'ina ba, kujera kawai ya canza. Kunya ta kama shi, amma daɗin bai tafi ba. Ya jefa ƙusar a aljihu, ya sa babban yatsa ya toshe ramin, ya tsaya a haka yana jin kukan Mama ta bayan ƙofa.