Fanaretin Gordon Sugden

A Thornsby ba wanda bai san Gordon Sugden ba, kuma ba wanda zai rantse maka ya taɓa ganin ya ci ƙwallo. Shekara goma sha biyar yana tsaron baya a kulob ɗin garin, wasa ɗari huɗu da sittin da ɗaya, ko guda bai jefa a ragar abokan hamayya ba. Ya dai jefa biyu a tasu ragar bisa kuskure, su kuwa ba a zancensu a gabansa. Yanzu da ya koma wankin tagogi, da wuya ya jingina tsani a gidan wani ba a leƙo an ce, "Gordon, yau nawa ka ci?" ba. Sai ya yi dariya ya ci gaba da goge gilashinsa.

Aikinsa a fili ɗaya ne: ƙwallo ta taho, ya kore ta. Da ka, da ƙafa, da ƙirji, har da hanci, wanda ya karye sau uku ya koma yana kallon kunnen hagu. Ba ya yanga, bai ma iya ba. In ta zo sai ya sa ƙafa a ƙarƙashinta ya cilla ta can cikin 'yan kallo, a je a nemo. Ko bugun kwana aka samu, dogayen duk su tafi gaba neman ci, shi a bar shi a tsakiyar fili yana gadi.

Mahaifinsa Wilf ma'aikacin masaƙar ulu ne, mutum mai tsadar magana. Duk Asabar yana tsaye a bayan raga da hularsa da filas ɗin shayi, a yi ruwa ko a yi ƙanƙara. In an tashi, iyakar abin da zai ce shi ne, "Mai lamba taran nan ya wuce ka sau biyu." Gordon ya sha jin abokan tsohon na tsokanarsa, "Wilf, yaushe ɗan naka zai ci mana ne? Ko sai mun mutu?" Wilf ba ya tankawa. Wannan shirun ne ya tsaya wa Gordon a rai shekara da shekaru, don ya ɗauka kunya ce ta hana tsohon magana. Daga baya idon Wilf ya tafi, amma bai fasa zuwa ba. Glenys matar Gordon ce ke riƙe masa hannu tana faɗa masa abin da ake ciki.

A shekarar 1987 gwiwar Gordon ta ce ta gaji. Kulob ya shirya masa wasan ban-kwana ranar wata Lahadi, aka gayyato wani kulob na maƙwabta. Irin wannan wasa da al'adarsa, kowa ya sani: dab da tashi alƙali zai ƙirƙiro fanareti, a miƙa wa mai ritaya, gola ya kauce, a ci, a yi tafi a watse. Gordon ya san kyauta ce, ba ci ba. Amma ita ce kaɗai ta rage masa, kuma yana so ko sau ɗaya tsohon ya ji fili ya ɗauki sunan Sugden saboda ƙwallo ta shiga.

Golan baƙin, Barry Oldroyd, tare suka taso. Ya tare shi a hanyar fitowa fili.

"Ka ji ni da kyau, mai karkataccen hanci. Zan zube hagunka tun kafin ka taso. Kai dai ka tura ta dama."

"Na ji."

"A hankali fa. Turawa na ce, ba duka ba. Kakata ma za ta ci wannan, kuma ta shekara tara a kabari."

"Na ce na ji, Barry. Wai yau na fara ganin ƙwallo?"

"Ganinta kam ka daɗe kana yi. Ragar ce ban tabbata kun taɓa gaisawa ba."

Saura minti biyar a tashi, wani ɗan wasan gaban Thornsby ya faɗi a da'irar gola ba tare da ko iska ta taɓa shi ba. Alƙali ya hura usur yana danne dariya. Mutum dubu shida suka ɗauka, "Sugden! Sugden!" Gordon ya taho daga baya yana ɗingishi, ya ajiye ƙwallo, ya ɗaga kai. Duk rayuwarsa raga a bayansa take, bai saba ganinta ta buɗe baki a gabansa haka ba. Ta cikin ramukanta ya hango hular tsohon, da Glenys ta kai baki kunnensa.

Ya ja baya, ya taso. Barry ya cika alkawari har ya zarce, don tuni ya kwanta a hagu ya yi tagumi. Abin da ya rage turawa ce kawai. Amma ƙafar da ta shekara goma sha biyar tana abu ɗaya ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta shiga ƙarƙashin ƙwallo ta ɗauke ta. Ƙwallo ta haye raga, ta haye kan mutane, ta haye rufin rumfar 'yan kallo, ta ɓace.

Dariya ta ɓarke a fili, har da masu riƙe ciki. Barry ya kifa fuska a ciyawa yana dukan ƙasa. Alƙali ya rugo.

"Gola ya motsa, Gordon. A sake."

"Bar shi kawai," in ji Gordon. "Ko sau goma na buga, can za ta."

Aka tashi, aka ɗaga shi a kafaɗa, aka zaga fili da shi. Yana murmushi yana ɗaga hannu, amma zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, ji yake kamar ya nutse. Da suka sauke shi bai bi su ɗakin sauya kaya ba. Ya tsallake shinge ya nufi bayan raga. Glenys ta ga fuskarsa, ta ɗan matsa gefe.

"Baba."

"Na ji takunka. Gwiwar ce?"

"Ba ta shiga ba, Baba."

"Ai na sani. Kafin yarinyar nan ta buɗe baki na sani. Ƙarar ƙafarka ce, ko cikin mutum dubu zan gane ta." Ya juyo da fuska wajen muryar ɗansa. "Ina ta sauka?"

"An ce a lambun wani, bayan layin dogo."

"Bayan layin dogo!" Tsohon ya jinjina kai. "Da wannan gwiwar?"

"Na so in ci maka ko guda ɗaya ne. Ka sha tsiya a kaina, ina ji, ba ka taɓa ce musu komai ba."

"Me zan ce wa sakarkaru? Su ci suke zuwa kallo. Ni kuwa tsayuwa nake a nan in ga wa zai wuce ɗana, kuma sau da yawa har shayina ya ƙare ba wanda ya wuce."

Gordon ya sunkuyar da kai. Ƙaton mutum mai shekara talatin da biyar, ya tsaya cikin taɓo yana hawaye a gaban jama'a, bai kuma damu da wa ke kallo ba. Wilf ya lalubo rigarsa, ya bi ta har kafaɗa, ya kai hannu bayan wuyansa ya riƙe.

"Daina, Gordon. Ta fita, ta yi nisa, ba mai cin mu daga can. Haka ake yi."