Fiffiken Jar Motar Godfrey

A shekarar da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, aka ba Wakili da Godfrey gidaje a bene ɗaya a Garki, ƙofa na kallon ƙofa. Ma'aikatarsu ɗaya. Godfrey ɗan wajen Karshi ne, don haka shi wannan ƙaura dawowa gida ce, kuma ya dawo da abin nunawa: jar mota mai fiffike na ado a kan murfin but, ma'ajiyar kaya ta baya. Ba ya ba kowa aronta. Matarsa Rita kaɗai yake koya wa tuƙi da ita ranar Lahadi.

Ana nan aka tura Godfrey Legas ya rako sauran takardun ofis. A makon ne babbar motar da ta ɗauko kayan Wakili ta lalace a Nyanya, ga matarsa Ameera da tsohon ciki tana kwana a tabarma. Rita ta gani, ta miƙo masa makullin jar motar.

"Ka je ka ɗauko mata katifa. Amma kada oga ya ji."

Katifar ta ƙi shiga but. Wakili ya ɗora ta a sama, ya rasa inda zai ɗaure igiya ta baya, sai ya zarga ta a jikin fiffiken ya ja da ƙarfi. A hanya ya faɗa wani rami, ya ji ƙas! Da ya iso gida ya tarar gefe ɗaya na fiffiken ya ɗaga yana lilo. Ya danna shi da tafin hannu, ya goge sawun igiyar, ya mayar da makulli da godiya. Bai faɗa wa Rita abin da ya faru ba.

Godfrey na dawowa ya ji abu na kaɗawa a baya. Ta bango Wakili ya jiyo faɗan: wai Rita ta saci hanya ta fita da mota, ta yi baya ta daki wani abu. Rita ba ta ambaci sunan kowa ba. Godfrey ya karɓe makullinta, koyon tuƙi ya tsaya. Sati biyu Wakili na haɗuwa da ita a matakala tana gaishe shi kamar kullum, shi kuwa sai ya duƙar da kai ya wuce.

Ranar Asabar da safe Godfrey ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Malam Wakili, zo ka kama mini. Gara in cire abin nan kafin ya tashi a titi ya fasa wa wani gilashi."

Suka buɗe but. Noti huɗu ke riƙe da fiffiken ta ciki, duk sun yi ja sun kumbura. Sifana ta ƙi kamawa, sai zamewa take. Suka zuba kananzir, suka jira, suka ƙara da baƙin mai. Na farko ya juya da ƙyar yana kuka. Na biyu ya karye. Na uku sifana ta cinye masa kai, sai da Godfrey ya kawo zarton ƙarfe, Wakili na tallafe da fiffiken don kada ya kankare fenti. Zarton ya kuɓuce ya yanki Godfrey a babban yatsa. Ya tsotse jinin ya ci gaba.

Na huɗun, na gefen da ya ɗaga, da yatsa kawai ya fito. Godfrey ya murza shi, ya marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli.

"Kai! Ka ga aikin iskar teku? Tsatsa ce ta cinye shi tun Legas. Ashe ba laifin Rita ba ne. Da kansa ya saki."

Ya yi dariya, har da dafa kafaɗar Wakili. Wakili ya ga ƙofa ta buɗe masa: in ya yi shiru, magana ta mutu, an wanke Rita, shi ma ba wanda zai tambaye shi. Ya ajiye fiffiken a ƙasa a hankali. 

"Tsatsa ta ci shi, gaskiya ne. Amma ni na ƙarasa shi. Na ɗaure katifa a jikinsa ranar da kake Legas. Ni na matsa wa Madam ta ba ni makulli."

Ƙarshen maganar ba gaskiya ba ne, amma ya ga Rita ta ɗauki abin da ya isa.

Godfrey ya daɗe yana kallon ramuka huɗun da suka rage a murfin but. Ya naɗe yatsansa da tsumma.

"Sati biyu kana ji ina yi mata faɗa."

"Ina ji."

"To ni mota ce tawa. Wadda ka yi wa laifi tana sama."

Wakili ya hau bene da baƙin mai a hannunsa. Rita ta buɗe ƙofa, ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba.

"Da ka faɗa mini tun ranar, da na san abin da nake rufewa," in ji ta. "Ni har na fara zaton ko ni ce na daki wani abu ban sani ba."

Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta ji, Allah ya yafe mana duka, ta tambayi jikin Ameera, sannan ta rufe ƙofa.

Ya sauko ya tarar Godfrey na toshe ramukan da guntun roba saboda ruwan sama. Bai ɗago ba, ya dai miƙo masa ragowar robar ya yanka.