Akwatin Uchechi

Augustine mai zuba gawayi ne a jirgin ƙasa, yana haya a Sabon Gari da matarsa Uchechi. Wata rana ya ga tana cusa murjaninta cikin tsohon gwangwanin madara, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce da kansa zai ƙera mata akwati, shi da bai taɓa riƙe zarto ba.

Ya tafi Fagge wurin Baba Goni kafinta, wani dattijo ɗan Barno da suka saba gaisawa a tasha. Baba Goni ya ba shi guntayen katakon maɗaci da gefen bencin da zai yi aiki a kai.

"Ka haɗa shi ruf, duka ɓangarorin," in ji Baba Goni. "In ka gama ado, sai mu yanka shi da zarto, murfi ya fita daidai da bakinsa."

Duk ranar hutu Augustine na rumfar Baba Goni. Ya zana fure a takarda, da ya sassaƙa shi a katako sai ya fito kamar kabeji, ya bar shi haka. Ya bi gefuna da zanen igiya, ya goge da ganyen ɓaure, ya shafa man kaɗe har katakon ya yi jajir yana sheƙi.

Ranar da za a yanka, Baba Goni ya tafi suna Kurna. Ɗoki ya hana Augustine jira, ya rungumi abinsa ya kai gida.

Uchechi ta juya shi sama da ƙasa tana neman baki. Da ba ta samu ba, ta dire shi gaban murhu ta zauna a kai, ta ci gaba da tuƙa garinta.

"Akwati ne fa," in ji shi. "Gobe za a yanka murfin."

"Wa zai yanka? Tunda na zo Kano ban sami kujerar da ta yi wa bayana daidai ba sai yau."

Ya yi lallashi, ya yi bayani, ta ƙi tashi. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, matar wani tela ma ta ce a yi mata irinta.

Washegari ya koma Fagge hannu rabbana ya kwashe labari ya faɗa. Baba Goni ya yi dariya har hularsa ta zame, sannan ya sunkuya ƙarƙashin benci ya jawo wani katakon.

"Wannan ka yi shi ƙarami," ya ce. "Wanda ko kyanwa ba za ta zauna a kai ba."