Allunan Solène a Bango

Mutanen Mont-Chardon ba su tuna Solène Gauvreau 'yar garinsu ce ba sai da suka gan ta a talabijin. Tana yarinya, Rodrigue Bélisle, shugaban ƙungiyar masu sulu a kan dusar ƙanƙara ta garin, ya ce wa uwarta tseren gangaren tsauni ba na mata ba ne. Yanzu shi ne yake ba baƙi labarin yadda ya gano ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta ci kofin ƙasa, ta ci lambar tagulla a Turai, ta karya gwiwa ta tashi. Bana dai kocinta ya gaya mata gaskiya, in ba ta yi abin kirki a tseren ƙarshe ba, za a cire ta daga tawagar ƙasa. Dogaronta ɗaya, tsofaffin allunan sulun da take ɗaurawa a ƙafa. Samansu duk ƙwarzane, amma ƙasansu ya sha kakin ƙara santsi shekara da shekaru har ya ƙoshi, ba sabon allon da zai kamo su a dusar ƙanƙarar ƙarshen hunturu. Ta ajiye su a gidan uwarta, ta tafi a duba mata gwiwa.

Ranar da ta dawo aka ja ta zauren ƙungiya, wai walimar karramawa. Wurin ya cika da masu tumbi waɗanda rabonsu da hawa tsauni tun suna samari, kowa riƙe da soyayyen dankali da cuku. Bélisle ya sha baƙar kwat, yana ta sheƙi kamar sabuwar tukunya.

"'Yata!" ya ce, ya buɗe hannuwa. "Ba tun kina 'yar mitsitsiya na ce za a yi haka ba?"

"Ka dai ce wani abu, ranka ya daɗe," in ji Solène.

Bai ji zafin maganar ba, irinsu ba sa ji. Ya yi jawabi har dankali ya huce, sannan ya ja ƙyallen da ya rufe bango.

Allunanta ne, an gicciya su, an huda kowanne da manyan ƙusoshi har cikin katako. A ƙasa an rubuta sunanta da ruwan zinariya.

Uwarta ta matso tana murmushi. "Ya zo neman waɗanda kika gama da su, 'yar nan. Na duba, na ba shi waɗanda suka fi tsufa."

Solène ba ta ga laifin tsohuwa ba, ita ba ta taɓa cewa ta san sulu ba. Amma zaure guda na masana, a ce ba wanda ya juya allo ya shafa ƙasansa kafin a ɗauko guduma! Ana ta tafa mata, ta matsa kusa da bangon.

"Kin san al'adarmu," in ji Bélisle yana gyara wuyan kwat. "Ba ma kafe allunan kowa sai ya bar wasa. Ke kaɗai muka karya wa doka, don girmanki."

Solène ta sa yatsa a bakin hudar, ta ji kaki ya manne mata.

"Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe," ta ce. "Ba ku karya ta ba."