Ƙasar da Ƙanƙara Ta Kwaso

Duk kwarinmu babu mai taurin rai irin Hunar Baig, wanda bai sani ba kuwa shi da kansa zai tsayar da shi a hanya ya gaya masa. Shekarar da kogin ƙanƙara ya zabura ya gangaro daga tsauni, cikin kwana ashirin ya kankare gonar uban Hunar har sai da fa, shimfiɗaɗɗen dutsen da ke ƙarƙashi, ya bayyana. Ya tafi da katanga da rumbu. Hunar ya bi awaki ya faɗa cikin tsagar ƙanƙarar, ya kwana biyu a ciki, ya fito da ƙafarsa ba wanda ya miƙa masa igiya. Tun daga nan, shekara arba'in cur, a gonakin mutane yake noma.

Da ƙanƙarar ta fara ja da baya, sai ta amayar a ƙasa da abin da ta ci a sama. Ta bar wani dogon tudu na duwatsu da tsakuwa, samansa lulluɓe da ƙasa mai laushi kamar garin alkama, daidai gefen lambun Daulat Shah, ɗan baffan Hunar. Su biyun tun suna samari ba sa shan shayi a ɗaki ɗaya.

Daulat ya kewaye tudun da katanga, ya jawo masa hanyar ruwa. Sai ga Hunar da sandarsa.

"Kai Daulat, wa ya ba ka ƙasar ubana?"

"Ƙasar ubanka? Tsohon banza, kai da ko wurin ɗaure akuya ba ka da shi?"

Hunar ya damƙi ƙasar ya kai masa ita bakin hanci. "Shinshina, in hancin na aiki. Daga gonarmu ƙanƙara ta kwaso ta. Ɓarauniya ta ajiye kaya a ƙofarka, shi ke nan sun zama naka?"

"To je ka kai ƙanƙarar ƙara mana."

Aka je gaban dattawa bayan sallar azahar. Suka ce ƙasa ta Hunar ce, wuri na Daulat. Suka ce Hunar ya kwashe abinsa da bayansa, shi kaɗai, kafin ranar shuka. Abin da ya saura ya zama na mai wuri. Kwana goma sha takwas suka rage. Daulat ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Ku tanadi likkafani, Hunar zai yi dako!"

Hunar ya yi dakon kuwa. Mutum mai shekara saba'in, kwando a baya, yana hawa har inda gonar ubansa take a da, wurin da yanzu ba komai sai fa mai sulɓi da dogayen zane kamar an ja farce a kai. Ya jera duwatsu ya yi 'yar katanga, yana juye ƙasa a ciki. Sawu bakwai kullum. Samarin yanzu sawu biyu za su yi su nemi tabarma.

A rana ta tara, ya kafta diga a tudun ya ji ta yi ƙara. Ya share tsakuwa da hannu, sai ga baƙar ƙanƙara. Ya gwada gaba, ya gwada baya, haka nan. Ashe tudun ƙanƙara ce da uwarta ta yar, ƙasar mayafi ce kawai bisa kanta.

Ya miƙe ya ƙwala wa Daulat kira. "Kai mai kan kabewa! Toshe ruwan nan. Ƙanƙara ce a ƙarƙashi, in ka jiƙa ta za ta narke ta nutse da kai da wahalarka."

"Ka gaji ke nan, kana neman in gudu in bar maka?" in ji Daulat. "Ruwa ma yanzu na fara saki."

"Na dai faɗa. Ba don kai ba, don kada a ce ɗan uwana ne ya mutu da wauta."

Hunar ya ƙara sawu biyu a kan bakwai. Ran shuka ya watsa sha'ir a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Daulat ya shuka sauran tudun duka da alkama.

Da zafi ya yi zafi, tudun ya fara tsagewa. Wata hantsi ya lotsa gaba ɗaya, katanga da alkama suka zurma cikin wani kududdufi mai ruwa kamar madara, gefen lambun ma ya bi.

Ranar girbi Daulat ya hau tsaunin yana haki, ya tarar da Hunar yana ɗaure dami na biyar. Ya taka cikin karan sha'irin ya tsaya yana kallo, baki a taɓe.

"Wannan ce gonar? Jakina sai ya cinye ta kafin in gama alwala."

Hunar bai ko ɗago kai ba. Ya nuna ƙafar Daulat da lauje.

"Fita daga gonata."